Zanen Da Bai Fara Daga Sifili Ba

Tawada ake ce masa, don tun yana koyon aikin buga takardu ba a taɓa ganin yatsunsa fes ba. Yanzu shagon nasa ne na kansa: kwamfuta ɗaya, ƙaramin injin buga takarda, da babban injin buga bana wanda ya cinye rabin ɗakin, sai wani tsohon janareta a bakin ƙofa da ba ya tashi sai ya ga dama. Aikinsa yana da kyau, ba mai musun wannan. Matsalarsa son yabo. In ka ce masa katin da ya buga maka ya fi na kowa, to ka gama da shi, ranar ko bai ci abinci ba a ƙoshe zai kwana. Wannan halin ne ya kai shi ya baro.

Unguwarsu kashi biyu ce, tudu da gangare, kuma rijiyar burtsatse ɗaya suke sha. Inji ya jawo ruwa ya zuba a babban tanki, daga tankin bututu biyu suka fita, ɗaya ya hau tudu, ɗaya ya yi gangare. Mai kunna injin da kashe shi, mai buɗe bututun da rufe su, shi ne mijin yayar Tawada, wanda yaro da babba suke kira Mai Famfo. Ƙato ne mai yawan dariya, a gangare yake zaune da iyalinsa. Duk inda ya ga ƙanin matarsa sai ya tsokane shi, ya ce ya ɓoye hannuwan nan kada ya shafa wa 'ya'yansa baƙi. Ita kuwa yayar, ita ta goyi Tawada bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta riƙe shi har ya zama mutum. Duk duniya ba shi da wanda ya kai ta.

Shi Tawada a tudu yake, a ɗakin da ke bayan shagonsa. Kuma a tudu ne ruwa ya zama abin faɗa. Injin ya tsufa, jama'a sun ƙaru, ruwa kuma ba ya son hawa. Kafin azahar famfunan tudu sun ƙafe, sai ka ga bokitai a jere, mata suna zage-zage a kan layi. Waɗanda suka gaji da jira suka koma ɗiban ruwan kududdufi. Yara suka fara gudawa da amai. 'Yar Mai Walda, yarinya da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ita aka fara binnewa. Tun daga ranar uban ya daina magana da kowa, sai dai a ji ƙarar gudumarsa a kan ƙarfe daga safe har yamma.

Kwamitin ruwa ya sa mita a kowane bututu don a san gaskiya. Da wata ya cika aka duba, sai aka ga a cikin kowane kashi ɗari na ruwan da ya fita, gangare ta sha hamsin da biyu, tudu ta sha arba'in da takwas. Shi ke nan abin da aka gano.

Ciyaman ɗin kwamitin, wani tsohon direban tirela mai son a ba shi lasifika, shi ya kawo wa Tawada lambobin. Ya ce yana son zane babba a kan bana, wanda za a rataye a taron da za a yi ranar Asabar, yadda ko wanda bai yi makaranta ba zai gani ya gane. Niyyarsa a matsa wa 'yan gangare su yarda a riƙa rufe bututunsu na ɗan lokaci kullum, ruwan ya samu ya hau tudu.

Tawada ya zauna gaban kwamfuta, nan da nan ya fitar da zanen. Sanduna biyu ne a tsaye, ɗaya ta tudu, ɗaya ta gangare. A gefen hagu akwai layi mai ɗauke da lambobi, shi ne ma'aunin da ake gwada tsawon sandunan da shi, ya faro daga sifili a ƙasa ya hau har sittin. Sandunan suka fito kamar tagwaye. Ta gangare ta ɗara, amma da abin da bai wuce faɗin farce ba.

Ciyaman ya sa tabarau ya leƙa, ya cire ya goge, ya sake leƙawa.

"Ɗana, wannan ai bai ce komai ba. In na rataye wannan, cewa za a yi kwamiti ya ɓata wata guda yana auna iska."

Tawada ya ce ai lambobin ne haka. Ciyaman ya miƙe yana gyara hula, ya ce ba komai, bari ya gwada mai shagon bakin titi, an ce yaron yana da basira.

Nan ne aka taɓa Tawada a inda yake masa ciwo. Ya ce Baba Ciyaman ya zauna, ai akwai dabara. Ba dole ba ne ma'auni ya fara daga sifili. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya sa layin ya faro daga arba'in da shida. Nan take gindin sandunan ya ɓace, kawunansu kaɗai suka rage, aka kuma miƙa su suka cika fuskar kwamfutar. Ta tudu ta zama guntuwa a durƙushe. Ta gangare ta miƙe ta ninka ta sau uku. Ya shafa wa guntuwar shuɗi, doguwar kuma ya shafa mata ja.

Ciyaman ya tafa hannu, ya ce yanzu ya ga aiki, ya ce wallahi duk garin nan ba mai kan Tawada.

Kada wani ya ce Tawada bai san abin da ya yi ba. Ya sani sarai. Sanda da tsawonta take magana, ido kuma tsawon yake karantawa, in ka yanke mata gindi ka sa mata wata maganar a baki. Amma ya lallashi kansa da cewa bai canja lamba ko ɗaya ba, duk suna nan a gefe ga mai son dubawa. Haka ne, suna nan, ƙanana kamar kiyashi, a kan bana mai tsawon mutum biyu. Kuma a can ƙasan zuciyarsa akwai haushi, don shi ma ya gaji da wanka da buta. Ya ce a ransa bari 'yan gangare su ji kunya kaɗan. Mijin yayarsa kuwa ko sau ɗaya bai faɗo masa a rai ba.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a filin makarantar firamare, aka rataye banar a jikin bangon aji. Kusan duk 'yan tudu ne. 'Yan gangare ba su ga dalilin barin sana'arsu ba, tunda nasu famfon yana zuba. Tawada ya sa rigarsa mai kyau ya tsaya kusa da banar, yana jiran a tambayi wanda ya yi wannan aiki.

Ciyaman bai ma gama gaishe-gaishe ba, wata tsohuwa mai sayar da yadi ta fito daga cikin mata ta nufi bangon. Ba ta iya karatu ba, amma awo sana'arta ce. Ta ɗora gwiwar hannunta a gindin shuɗiyar sandar ta auna, kamu ɗaya. Ta koma kan jar, kamu ɗaya, biyu, sai da aka ɗora ta a kan benci kafin ta kai na uku. Ta juyo ta ɗaga wa jama'a yatsu uku.

Filin ya ɗauki guna-guni. Sau uku. Suna shan sau uku, mu muna shan kududdufi. Maganar ta zagaya daga baki zuwa baki, kowane baki yana ƙara mata zafi. Wata mata ta fashe da kuka tana kiran sunan ɗanta da ke kwance. Ciyaman yana ta cewa a yi haƙuri a saurara, lasifikar tana ƙara, ba mai jin sa.

Sai Mai Walda ya yi magana, karo na farko tun bayan jana'izar 'yarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Wa yake buɗe bututun?"

Ba wanda ya amsa, don ba wanda bai sani ba. A lokacin gaban Tawada ya yanke ya faɗi. Ya haye benci yana ɗaga hannuwa, yana cewa su tsaya, su duba lambobin gefe, ma'aunin bai fara daga sifili ba. Wa ya san wani sifili a wurin nan? Wani mahauci ya matso ya tambaye shi, shi ya zana ko ba shi ba? Ya ce shi ne. Mahaucin ya ce to ƙarya ya zana musu?

Kalma ɗaya ce ta rage tsakanin Mai Famfo da mutanen nan. Da Tawada ya ce e, ƙarya ce, da a kansa za su huce, su yi masa dukan da zai warke. Amma ya dubi idanun da suka kewaye shi, tsoro ya kama shi, ga kuma kunyar ya ƙaryata aikinsa a gaban jama'a.

"Ba ƙarya ba ce, amma..."

Ba wanda ya jira abin da ke bayan amma ɗin. Wani daga baya ya ce ai ƙanin matar Mai Famfo ne, so yake ya rufa wa surukinsu asiri. Aka shure bencin. Tawada ya faɗo ta baki, haƙorinsa ya fasa masa leɓe, ƙafafu suka bi ta kansa. Kafin ya miƙe filin ya watse. Maza sun balle ƙafafun bencina sun riƙe, wasu sun tsaya shagon Mai Walda suna ɗiban guntayen ƙarafa. Ciyaman kuwa ya ajiye lasifikar a ƙasa ya sulale ta bayan aji.

Akwai lungun da ya ratsa daga makarantar zuwa ɗakin inji. Da Tawada ya bi shi da gudu, da ya riga su, ya ja mijin yayarsa su tsere. Ya kira shi a waya, tana ta ringi ba a ɗauka, don in injin yana aiki ko tsawa ba a ji a ɗakin nan. Sai ya yi abin da mai buga takardu kaɗai zai yi. Ya juya ya nufi shagonsa. A tunaninsa takarda ce ta kunna wutar, takarda ce za ta kashe ta. In suka ga zanen gaskiya, sandunan nan biyu kusan kai ɗaya, za su tsaya.

Ba wuta. Ya ja igiyar janareta, ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya sake ja, jinin leɓensa yana ɗiga a kan tankin mai, yana roƙon janaretan kamar mai roƙon mutum. Da ya tashi sai kwamfuta ta tsaya nata jan jikin. Ya mayar da ma'aunin sifili da hannu yana rawa, ya buga a farar takarda guda ɗaya, ya fizge ta ya fita ko ƙofa bai rufe ba.

Tun daga nesa ya ji ihun. Daga baya aka ba shi labarin yadda aka fara: Mai Famfo ya ga jama'a, ya fito da tsumman goge hannu yana murmushi, a zatonsa wani bututu ne ya fashe aka zo gaya masa. Yana buɗe baki zai gaishe su Mai Walda ya sauke masa ƙarfe a ƙeya.

Lokacin da Tawada ya iso, mutumin yana ƙasa a bakin ƙofar ɗakin injin, ya dunƙule ya rufe kansa da hannuwa, hannuwan kuma sun riga sun karye. Ana dukansa da katako, da bututun ƙarfe, da duwatsu. Mutanen da ya sha gyara wa famfo kyauta su ne suke layi a kansa. Wani matashi da Mai Famfo ya yi wa rakiya ranar ɗaurin aurensa yana ta harbinsa a haƙarƙari, yana kuka yana harbi. Mai Walda ba ya ihu, ba ya zagi, ɗagawa kawai yake yana saukewa, kamar yana bakin aikinsa.

Tawada ya kutsa cikinsu da takardar a sama, yana cewa su duba, ga na gaskiyar, shi ne ya yi ƙarya, shi za su daka. Yanzu ya iya faɗa. Ba wanda ya ɗaga kai. Takarda ce 'yar ƙarama a tsakiyar ƙura da jini, wancan kuwa bana ce mai tsawon mutum biyu da suka gani da idonsu, aka kuma auna musu. Wani ya kai wa hannun nasa duka da ƙafar benci. Ya ji ƙashin ya ce ƙas, takardar ta faɗi aka tattake ta. Ya zube a kan mijin yayarsa ya rungume shi, dukan ya koma sauka a bayansa.

Ana haka 'yan gangare suka iso da adduna da gorori, labari ya kai musu. Wuri ya kacame. Duwatsu suka riƙa tashi ta ko'ina. Aka sari Mai Walda a kafaɗa, ya durƙusa yana kallon jinin kamar ba nasa ba. Mahaucin nan ya tsere riƙe da kunnensa. Wani ɗan tudu da idonsa ya rufe ya samu guduma ya yi ta dukan babban bututun da ya fito daga tanki, har ya fashe. Ruwan da ake kisa a kansa ya yi tsiri sama, ya dawo ya malale ƙasa, ya bi ta kan waɗanda ke kwance, ya gangara kwata jajir. Sai da aka ji jiniyar 'yan sanda sannan kowa ya kama gabansa.

Mai Famfo yana numfashi. Fuskar ba ta ganuwa, amma ido ɗaya a buɗe yake. Wani mai sayar da ruwa ya sauke jarkokinsa, suka ɗora shi a kan kurar, Tawada yana turawa da hannu ɗaya da ƙirji. Ya sunkuya yana cewa ya yafe masa, shi ne, shi ya jawo masa. Bai san ko ya ji ba. Leɓunan suna motsi, ya kai kunnensa.

"A kashe injin. Ruwa yana zuba."

Bai ƙara cewa komai ba. A ƙofar asibiti ma'aikaciyar jinya ta taɓa wuyansa, ta ce su yi haƙuri.

Tawada bai je jana'iza ba, don samarin gangare sun rantse in suka gan shi sai an binne biyu. Ya kulle kansa a bayan shago da hannu a ɗaure, ba ci ba barci. Ba 'yan gangaren yake tsoro ba. Yayarsa yake tsoro. Bayan 'yan kwanaki ta aiko a kira shi, ta kuma aika wa samarin cewa duk wanda ya taɓa shi a hanya ba ta yafe ba.

Da rana tsaka ya shiga gidan. Mata masu zaman makoki suka bi shi da ido, ba wadda ta amsa sallamarsa. Yayar tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta rame, idanunta sun bushe. Ta ce a ba su wuri. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Auta, an ce kai ka yi zanen."

"Ni ne, Yaya."

"An ce ya nuna muna shan ruwansu sau uku." Ta yi shiru kaɗan. "Tun ranar ban runtsa ba. Ina ta tunani, ko da gaske mutumin nan yana danne musu ruwa ban sani ba? Ko da haƙƙin 'ya'yan mutane ya tafi? Ka gaya mini gaskiya, don kai ka ga lambobin."

Ya ce ba sau uku ba ne. Ya fara yi mata bayanin ma'auni, da sifili, da yadda ya yanke gindin sandunan. Ta ɗaga masa hannu.

"Ban san wannan ba. Nuna mini. Da ka zana shi daidai, da me tamu ta fi tasu?"

Ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar. Ya kawo babban yatsa kusa da manuni, har sun kusa haɗuwa, ya bar 'yar tazarar da ƙwayar shinkafa za ta iya wucewa. Hannun yana rawa. Ta matso ta kama wuyan hannun ta tsayar da shi, ta daɗe tana kallon tazarar.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali. "Bai ci haƙƙin kowa ba."

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. Ta saki hannun. Ya jira ta zage shi, ko ta mare shi, da ya fi masa sauƙi. Ta goge fuska da gefen mayafinta, ta yi magana da irin muryar da take aikensa da ita yana ƙarami.

"Za ka buga na gaskiyar, babba kamar wancan. Ka rataye shi inda ka rataye wancan, da hannunka, 'ya'yansa su tashi su san ubansu ba ɓarawo ba ne. In ka gama, kada ka ƙara tako ƙofar gidan nan. Na goya ka, ba zan iya yi maka baki ba. Amma ba zan iya kallonka ba."

Ya ce, "Yaya." Ta riga ta juya fuskarta bango. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya fito tsakar gida, ya tsaya yana neman takalmansa a cikin na masu gaisuwa.